Rasuwar Ɗan Gwangwani, Jirgin Malam Uwaisu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da rabin gemu a ƙone, Malam Uwaisu maƙerin Agege yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jirginsa, Ɗan Gwangwani, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi da hantsi.

An haifi marigayin a bayan tashar jirgin ƙasa, a shekarar da wani makaniken filin jirgin Ikeja ya kawo gyaran buta, ya ba Malam labarin sabon jirgin Turawa marar farfela. Wai iska yake zuƙa ta baki, ya matse ta, ya ƙona ta da kananzir, ta fice ta baya a fusace, shi kuma ya yi gaba. Malam ya ce in dai wannan ne, ai shi ma yana da kananzir. Ya haɗa gwangwanayen madara da zugazugin mahaifinsa, ya kwance kan rishon matarsa Rabi ya ɗaura.

Marigayin mai ladabi ne. Bai taɓa tashi ba tare da izini ba, da izinin ma bai tashi ba. Ya dai yi ta faɗin “fuuu, tuf-tuf, fuuu” har kajin unguwa suka daina ƙwai. Mahauta na babbake ƙafar saniya da wutar bayansa, suna ci suna kiran mai shi Direban Sama. Malam ya shanye.

Ciwon ajali ya same shi ranar da Malam ya tsuke masa bututun baya. Ya yi wata ƙara da ba a san shi da ita ba, ya tsinke igiyar da aka ɗaure shi da ita, ya lashi gemun ubangidansa, ya haye katanga. Ya tashi. Mahautan nan duk sun gani, Malam kuwa hawaye ya hana shi ganin inda ya nufa. A kan rufin madafar Inna Zuwaira mai ƙosai ya sauka, ciyawar rufin ta kama wuta, nan bokitan ruwa suka ƙarasa shi.

Ya bar fiffike ɗaya, da Rabi mai girki da itace, wadda ta ɗauki rashin da haƙuri mai ban mamaki.

Za a yi jana'iza da zarar Inna Zuwaira ta saki gawar, don ta rantse ba za ta bayar ba sai an mayar mata da rufinta. Masu ta'aziyya su taho da ciyawa da tsani. Malam zai karɓi gaisuwa daga saman ɗakin.