Goron Da Na Kai Maruwa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da fari ya ƙarar da shanu ba, lokacin da ake kawo mana saniya nan garin Garwa, ta faɗi da kanta tun ba a sa mata wuƙa ba. Kowa a mahauta da ƙasusuwa yake tuna shekarar. Ni kuwa da ƙwallon kwando nake tuna ta (ni ɗin nan, mahauci mai furfura, wanda ko lemo bai taɓa jefawa a kwando ba).

Ɗana na fari, wanda ake ce wa Dogo a kasuwa, yana ajin ƙarshe a lise, wato makarantar sakandare, kuma yana cikin biyar ɗin da ke buga wa makarantar. Duk shekara wasu mutane kan zo daga Yawunde su kalli wasan makarantu, su zaɓi yaran da gwamnati za ta koyar su zama malaman wasanni. Abin da Dogo ke nema ke nan, kuma shekarar ce damarsa ta ƙarshe.

Sai makarantar ta sallami Malam Buba, tsohon mai horar da su, ta ɗauko wani Mesiye Emil daga kudu. Daga ranar, in mun wanke wuƙaƙe bayan la'asar, ba mu da hira sai wannan.

"Malam Buba ya tsufa," in ji Tanko, maƙwabcin teburina. "Shekara nawa Maruwa na lallasa mu?"

"Wannan baƙon ko Fulatanci ba ya ji," na ce. "Da wane baki zai koya wa 'ya'yanmu?"

Ba a jima ba Mesiye Emil ya bi aji aji ya zaƙulo wasu zaratan yara biyu 'yan garin Yagwa. Ya fara sa Dogo rabin wasa, sauran rabin ya zauna a benci. Tanko ya samu abin yi. "Baban Dogo, ashe akwai waɗanda suka fi Dogo tsawo? To, yaushe za mu sake masa suna?"

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaide ni, amma wannan maganar ta hana ni cin tuwo. Na yanke shawarar mayar da yaron lise ta Maruwa, ya zauna wajen kawunsa. Na je na gaya wa Mesiye Emil baki da baki, Dogo na yi mana tafinta, kansa a ƙasa.

"Baba, ya ce akwai doka. Duk wanda ya sauya makaranta bayan an fara karatu, ba ya buga wasa sai shekara ta zagayo."

Na yi dariya. Mu ma muna da irinta. In yaro ya bar maigidansa, Sarkin Fawa kan ce kada ya taɓa wuƙa a wani tebur sai an kwana biyu. Amma sai a kai goro, dattawa su sa baki, washegari ka ga yaro yana fiɗa. Haka na san doka tun ina ƙarami.

"Baba, wannan ba irin tamu..."

"Rufe mini baki. Tafinta na sa ka."

Na sayi ƙwaryar goro, na ɗauki ragon da nake kiwo domin Sallah (a shekarar, rago mai nama a jiki sai an tona), muka hau mota. Mai horarwa na Maruwa ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya da Fulatanci, ya ce, "Useko, Baaba. Za mu duba." A wurinmu wanda ya karɓi goro ya gama magana. Na baro yaron can, na dawo ina tafiya da faɗi.

Sai aka ce Maruwa za su zo Garwa wasa, kuma ranar mutanen Yawunde za su halarta. Na rufe tebur, na tara mahauta, na ɗauko Mamman mai kalangu. Na ce wa Tanko ya tsaya kusa da ni, don kada wani abu ya wuce shi.

Motar Maruwa ta tsaya a bakin fili. Mamman ya matse kalangu a hammata. "Dogo ɗan mahauta! Mai taɓa kwando ba tsalle!" Yara suka riƙa dirowa da gajeren wando, muna ihu. Can daga ƙarshe Dogo ya sauko da dogon wandonsa na makaranta, bokitin ruwa a hannu, ragar ƙwallaye a kafaɗa.

Makaɗin mahauta ba ya tsayawa sai an sallame shi, ni kuwa hannuna ya ƙi shiga aljihu. Haka Mamman ya bi yaron nan da kiɗa da kirari har benci, ruwa na zuba a ƙafarsa, 'yan makaranta na tafi suna dariya. Na ratsa fili na tari mai horarwar Maruwa.

"Malam, ina maganarmu? Ina goro?"

"Mun ci, Baaba, Allah ya saka da alheri. Amma dokar daga Yawunde take. Na ɗauka an gaya maka."

An gaya mini kuwa. Da na waiwaya, sai na ga Tanko, wanda ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya dafa kalangun Mamman ya ce a hankali, "Ya isa." Da dariya ya yi mini da ta fi sauƙi.

Na tsaya har aka tashi. Mutanen Yawunde suka zaɓi ɗaya daga cikin 'yan Yagwa, wanda shi ma rabin wasa ya buga. Dogo ya zo ya durƙusa a gabana, bokitin a gefensa, ya ce, "Baba, sannu da zuwa." Har yau bai taɓa tayar da zancen ba.

Da ya gama makaranta bai dawo Garwa ba. Yana Meiganga, yana loda shanu a manyan motoci, yakan zo gida da Sallah. Ni kuma in an fara gardamar masu horarwa a mahauta (har gobe ana yi), sai in ɗauko dutse in shiga wasa wuƙa. Na dai gane cewa Yawunde ba ta cin goro, kuma in yaro yana yi maka tafinta, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.

Abin da na rasa: ƙwaryar goro, ragon Sallah, cinikin yini guda, bakin magana a rumfa, da hirar ɗana.