Yadda Za Ka Nuna wa 'Ya'yanka da Lissafi Cewa Ba Ka Tsufa da Hawa Babur Ba

Sun fara zancen karɓe maka makullin babur? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, in ba su dawo suna ba ka haƙuri ba, ka canja mini suna.

1. Sayi littafi

Rubuta duk faɗuwar da ka yi, da ranar da dalilin. Rami. Akuya. Rami. Mai baro. Ka lura babu inda aka ce tsufa, tunda alƙalamin a hannunka yake.

2. Kafa ƙa'ida

Ka ce jikinka irin kayan nan ne da ba sa lalacewa da kansu, sai an buge su. Tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa, ba ya kuma duba takardar haihuwa. Ramin da ya kayar da kai zai kayar da ɗan shekara ashirin.

3. Zaɓi waɗanda za a gwada ka da su

Kawo sa'anninka uku da har yanzu suke hawa. Waɗanda suke kwance, da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kada ka sa su. Ɓata lissafi suke yi.

4. Gama da babban ɗanka

Zai ce, "Baba, sau huɗu fa bana."

Ka ce, "Bara ma huɗu ne. Ina tsufan?"

Zai kama gabansa. Shi dama tun firamare lissafi ke ba shi kashi.

5. Ɓoye littafin daga autarka

Ni a kan tebur na bar nawa, kusa da man zafi. Autata kuma aikinta ke nan a masana'anta: buga ƙwan fitila, ta ga bugu na nawa ke kashe shi. Ba ta ƙirga faɗuwa ba. Layi ta ja a gefe, ta jera kwanakin jinyar kowace faɗuwa ta bana: biyu, biyar, tara, ashirin da uku.

"Baba," ta ce, "ramin nan bai ƙara zurfi ba."

Na ce alƙaluman sun yi kaɗan, a bari a tara wasu.

Ta rufe littafin a hankali. "Na gaban ne ba na son in rubuta."



Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya karya ƙugu, babu ruwana, shi ya sani da 'ya'yansa. Mai tambaya ya same ni a bakin titi da ƙarfe bakwai na safe, ina jiran auta ta zo ta goya ni. Ni na miƙa mata makullin da hannuna.