Kyaftin Mai Tasha a Tsakiyar Teku

Allah ya yi wa unguwarmu baiwa da babban mutum, kuma shi da kansa ya fara sanar da mu. Tun da ya yi ritaya ya kafa tashar rediyo, da eriya a kan rufin gidansa, doguwa kamar jawabinsa, ya raɗa wa kansa suna Ƙofar Duniya.

Aikin tashar ba wuya. Masu rediyon sha'awa sukan sa 'yar na'ura a mota, tana shelar inda suke ta iska. Tasha irin tasa ta kama, ta miƙa wa intanet, sai ɗigon kowa ya fito a taswira. Abin da ake nema kawai shi ne mai tasha ya rubuta lambobin wurin da gidansa yake. To amma babban mutum ba ya karanta takardar bayani. Ya bar gurbin lambobin yadda na'urar ta zo daga kanti, sifili da sifili, ya gayyato 'yan ƙungiyar rediyo su shaida.

Suka cika falo har kan hannun kujera.

"Jama'a, yau kun shiga tarihi albarkacina," in ji shi. "Ku dubi allo."

Aka duba. Ga ɗigonsa a tsakiyar teku, inda sifili da sifili ke faɗawa a taswira, shuɗi gabas da yamma, ko tsibiri babu.

Da ƙaramin mutum ne, da sai ya ce an yi kuskure. Shi gyara tabarau ya yi. "Haka tasha mai ƙarfi take. Tudu ya yi mata kaɗan."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, shi kuwa tasa mai faɗi ce. Saƙonni suka fara zuwa daga ƙasashe, ana tambaya ko jirginsa ya lalace ne a kawo ɗauki. Ya buga su ya manna a bango. Ya sayo farar hular matuƙan jirgin ruwa. In zai je kanti yana tafe yana tangaɗi, wai ƙafa ta saba da igiyar ruwa. Matarsa ta zama "ma'aikatan jirgi", ita kaɗai. Unguwa ta koma kiransa Kyaftin, yana amsawa da ɗaga gira.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar shugaban ƙungiya. Har kwat ya ɗinka. Abokin takararsa wani likitan haƙori ne mai sanyin murya.

Ranar zaɓe sakatare ya tuna wa taro cewa dole tashar shugaba ta kasance a cikin gari. Ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ko dai mantawa aka yi ba a cika lambobin ba? In haka ne a gyara yanzu, ka tsaya takararka."

Matarsa na bakin ƙofa tana gyaɗa masa kai kamar wuyanta zai cire. Kyaftin ya miƙe, ya danna hula.

"Ni da mantuwa? Tashata tana daidai inda na ga dama na ajiye ta."

Sakatare ya ba shi haƙuri cikin ladabi. Likita ya hau kujera ba hamayya, nan take kuma ya naɗa Kyaftin wakilin ƙungiya a teku, aka tafa.

Saboda tausayin nisan hanya, ba a sake aiko masa da gayyatar taro ba. A gidan da ke kallon nasa ake yin taron.