Ranar da Ya Sa'idu Ya Ƙosar da Gari da Ingilishi

Daga Tasawa har Mayahi babu harshen da Allah ya yi wa baiwa irin na Mati ɗan Zara'u. Sauran masu ilimi sun tsaya ga Faransancin lakwal, wato makarantar boko. Shi kuwa ya tsallaka Kaduna, ya yi gadin ƙofar wani Bature har gemunsa ya soma furfura. Ya dawo ƙauyensu kusa da Urafan da kwat mai kauri, da tabarau mai ido ɗaya, da Ingilishi cike da baki.

Bawan Allah ba shi da rowa. Ranar kasuwa yakan hau amalanke ya raba ilimi kyauta.

"Ku buɗe kunne, jahilai! Kalmar da Bature ya fara tambaya da ita, ita za ka maida mishi. In ya ce du yu, ka ce yes ai du. In ya ce ar yu, ka ce yes ai am. In ya ce haf yu, ka ce yes ai haf. Abin da ke tsakiya duk ado ne. Ni kaina ban taɓa saurarenshi ba."

Tsofaffin mata da suka ji "yes ai du" sun ɗauka wani yake kira, sai suka laƙaba masa Ya Sa'idu. Ya karɓi sunan kamar an naɗa masa rawani.

Danda, mai amalanken da ake takawa, ya taɓa tambayarsa yadda ake cewa a'a.

"Ba a faɗinta," in ji Ya Sa'idu. "Mai hankali bai buƙatarta."

Zamanin soja ne, don haka kowa ya ga hikimar wannan magana.

Sai damina ta ɗauke. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, rumbuna suka koma ɗakin kwanan ɓeraye, rijiya ta zama laka. Ana cikin haka wata Baturiya ta iso da kamyo, babbar motar kaya, shaƙe da buhunan hatsi, tana zagaya ƙauyuka tana duba inda yunwa ta fi tsanani. Tafintanta ya kwanta zazzaɓi a Tasawa. Maigari Mumuni ya gwada Hausa, ta yi murmushi. Malamin lakwal ya gwada Faransanci, ta girgiza kai.

Jama'a suka dare. Ga Ya Sa'idu cikin kwat da tsakar rana, gumi na tsiyaya daga gwiwar hannunsa.

"Ranka ya daɗe, ka huta. Yau za ku ga abin da ya kai ni Kaduna."

Baturiya ta nuna rumbuna, ta ce, "Du yu," da wasu kalmomi na ado.

"Yes ai du!"

Ta ɗaga gira. Ta nuna rijiya. "Haf yu..."

"Yes ai haf!" Ko ƙarasawa bai bari ta yi ba.

Ta dubi mutanen da haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, ta tambaye shi a hankali, "Ar yu shuwa?"

Ya buga ƙirji. "Yes ai am!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Wa ya taɓa ganin ɗan garinsu ya amsa wa Bature tambaya uku ba tuntuɓe? Danda ya soma jan amalanke kusa da kamyo.

Baturiya ta riƙe hannun maigari tana fara'a, ta tattaro 'yar Hausar da ta tsinta a hanya. "Madalla! Abinci akwai. Ruwa akwai. Sai Bawdeta!"

Guɗa ta tsaya a wuya. Kamyo ya tashi da hatsinsa, ya nufi garin Bawdeta.

"Mati," in ji maigari, "mi ka ce mata?"

Babban masani ya tattare wando ya bi mota a guje. Ya laluba Ingilishinsa sama da ƙasa, bai sami a'a ba. Sai ya yi ta kururuwa da abin da yake da shi: "Yes! Yes! Yes!" Baturiya ta leƙo ta taga tana ɗaga masa hannu, ta yaba da karamcin mutanen garin.

Sai da maigari ya hau amalanken Danda ya bi sawu har Tasawa, ya jira tafinta ya warke, sannan hatsi ya dawo. Kafin nan mutane sun ci tafasa sun gode Allah.

Ranar rabo Habsatu, ƙanwar maigari, ke riƙe da tiya. Ya Sa'idu ya iso da buhu mafi girma a layi, ya gyara tabarau.

"Gud monin."

Ba ta ɗago ba. "Kai ai ka ƙoshi. Gaban kowa ka faɗa. Na baya, matso."

Ya yi tari. Ya dubi sama, ya dubi layi, layi ya dube shi. Can ya sunkuya kusa da kunnenta, ya rage murya.

"Inna Habsatu, don Allah. Yunwa nike ji."

Ta kai hannu bayan kunne. "Ɗaga murya, ɗana. Na bayan layi ba su ji fassarar ba."