Ranar da Na Gyara wa Surukina Hannu

Ko da zan manta ranar aurena (kada matata ta ji), ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa Zuru, ranar da na kwashi ilimina kacokan na kai shi ƙauyen Manga don in taimaki surukina.

Lokacin ina koyar da fasaha a wata ƙaramar sakandare. Ni ne mai zana guduma a allo yara su kwafa, kuma duk cikinmu babu wanda ya taɓa buga ƙusa ta shiga daidai. Surukina kuwa, Baba Bawa, tsohon soja ne da ya koma noma da farauta. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Sai dai in mun gaisa yakan jujjuya tafin hannuna, ya ce ashe alli ba ya cin hannu. Ni da na auri 'yarsa Saratu ban yi masa golmo, noman da saurayi ke yi wa suruki kafin aure, ko na yini ɗaya ba, na san inda maganar ta dosa.

Su Baba suna da ƙungiyar tsofaffin mafarauta, ba su kai goma ba. Duk shekara in an gama girbi sai su taru gindin ɗorawar ƙofar gidansa, shi ya yi harbin farko, sannan a shiga daji. Sharaɗinsu ɗaya ne: mai harbin farko, da harsashin da ya cika da hannunsa zai harba. Ba sa yar da kwanson harsashi, sake cika shi suke yi, kuma abin da ya fi wuya shi ne danna wani ɗan mitsitsin ƙarfe a gindin kwanson, wanda suke kira ido. Sai mai ƙarfin babban yatsa. Baba ya fi shekara ashirin yana wannan harbi, tun kafin a yanke dawa yake fara goge bindigarsa saboda shi.

To amosanin gaɓɓai ya kama shi. Yatsun nan sun kumbura sun lanƙwashe kamar ɗanyar citta. Wata rana mun je gaisuwa na tarar yana ƙoƙarin ɗaukar ido daga faranti, sau uku yana suɓuce masa. Sai surukata, Mama Ladi, ta zo ta ɗauke farantin ta shige ɗaki da shi, wai rana ta yi yawa a waje. Ni kuma, gwanin fahimta, na yarda rana ce.

A kan babur muna komawa na gaya wa Saratu cewa na ga matsala kuma na ga maganinta. Ta ce, "Baban Alheri, don Allah ka bar wannan magana." Na yi murmushi irin na wanda ya yi karatu. Na ce a raina, ina ruwan Saratu mai sayar da atamfa da harkar injiniya.

Mako uku na yi ina zaɓen abin da zai danna idon nan ba tare da ya wahalar da hannu ba. Na fara da filaya, na ga tana cin tafin hannu. Na ɗauko abin maƙala takardu na ofishin makaranta na warware shi don in ga yadda yake aiki (har yau ana neman wanda ya lalata shi). Don in ji abin da mai amosani ke ji, sai na naɗe yatsuna da filasta, na yini da su haka, har aji na shiga. Shugaban makaranta ya tambaye ni ko hatsari na yi, na ce masa bincike ne. Ka ga dai, mai ciwon yana nan Manga da ransa da bakinsa, amma ni na gwammace in tambayi filasta.

Daga ƙarshe na kai wa wani maƙeri a kasuwa zane, da awo da komai. Ƙarfe mai hannu biyu, a matsa a hankali ido ya shige. Na sa aka yi masa mariƙi na itace mai kauri, aka naɗe da robar tayar keke don laushi. Maƙerin ya tambaye ni ko mai hannun zai zo ya gwada. Na ce a'a, ba-zata zan yi masa. Ya dube ni, ya dubi zanen, ya ce to.

Ranar buɗe farauta na sa rigar zuwa coci. Tsofaffi sun jeru kan benci, bindigogi jingine da ɗorawa, mata sun kawo kunu a babbar roba. Ga Baba Audu nan, abokin Baba tun suna soja, wanda shi ke biye masa a ƙungiya. Da a ce na ja Baba gefe, da wataƙila na tsira. Amma ina amfanin alheri in ba a gani ba? Na miƙe na nemi izini, na yi gyaran murya.

Na ce, "Iyayena, duk mun san hannun Baba ya daina aiki. Ko maɓallin riga ba ya iya sawa, balle idon harsashi. Shi ya sa na ƙero masa wannan."

Wurin ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka mamakin basirata ne ya kama su, sai na ƙara da bayani. Na durƙusa na miƙa wa Baba da hannu biyu. Ya karɓa, amma yatsunsa suka ƙi buɗewa su kama mariƙin nan mai kauri da nake taƙama da shi. Ya faɗi ƙasa. Na ɗauka na sake miƙa masa (eh, na sake), ya sake faɗuwa, kowa na kallo.

Sai na ce bari in nuna yadda ake yi. Na ɗauki kwanso wanda babu komai a ciki, na ɗora ido, na matsa da duk ƙarfin da alli ya bar mini. Sai ji na yi tas! Ƙarar ba ta wuce ta abin wasan wuta na Kirsimeti ba, amma kafin ta gama fita na riga na shige ƙarƙashin benci, na bi ta kan robar kunu, ina kiran Yesu ina cewa an harbe ni. Tsofaffin nan babu wanda ko ƙafa ya janye. Baba Audu ya leƙo ya ce, "Tica, fito, an gama yaƙin."

Na fito kunu na ɗiga daga haɓata. Wallahi na so a yi dariya, a yi ta yi har yamma, amma babu wanda ya yi. Baba Audu ya yi gyaran murya ya ce shi fa tun da aka harba igwa kusa da shi a soja kunnensa ba ya ji sosai, bai ji abin da yaron nan ya faɗa ba. Sauran suka ce su ma haka, iska ta yi yawa. Ya ɗauko bindigar Baba ya miƙa masa, ya ce rana na yi, a harba a tafi.

Baba bai karɓa ba. Ya ce, "Ni na ji." Ya ce shekara uku ke nan Ladi ke danna masa ido a ɗaki da gindin cokali, kuma tunda an faɗa a gaban mutane, ba zai tsaya ya harba ƙarya ba. Baba Audu ne ya yi harbin farko, fuskarsa kamar wanda aka aika jana'iza. Suka shiga daji, Baba ya koma cikin gida.

Saratu ta bari sai da muka shigo Zuru. Sannan ta tambaye ni ko ina tsammanin duk mutanen Manga makafi ne. Ashe kowa ya sani. Shekara uku suna kau da kai, har Baba Audu da kansa yakan tsaya ƙofar gida ya yi ta tari kafin ya shiga, don kada ya tarar da Mama tana aikin. Gari guda ya haɗu ya rufa wa tsoho asiri, sai ga ni da rigar coci.

Bayan kwana biyu na koma ba da haƙuri. Na so ya zage ni, ko ya kore ni, in samu sauƙi. Ya ce ba komai, ai taimako na yi, har ya sa aka kawo mini ruwa. Bai sake harbin farko ba har ya bar duniya, kuma wannan yana ci mini rai har gobe.

Tun daga ranar, in na ga abu ya lalace a fili, manya na zaune suna kallo sun yi shiru, ba na ɗauko biro da takarda. Wuri nake nema in zauna in taya su shirun.