Sarkin Noman Falo da Ƙwarinsa na Ingila

Duk wanda ya zauna a Narayi cikin shekarun tamanin, in ya ce bai san Mista Alexander Ɗanjuma ba, to ko baƙo ne ko mahassadi. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa iri-iri, ya kuma haɗa masa da baiwar sanar da jama'a. Mataimakin jami'in kula da ma'aikata ne a wata masaƙa a Kakuri, amma in ka ga takunsa daga ƙofar gida zuwa mota, sai ka rantse shi ya kafa masaƙar, shi ya shuka audugar.

A shekarar 1982 kamfani ya tura shi kwas Ingila. 'Yan makonni ya yi, amma sun ishe shi ya mance yadda ake cin tuwo da hannu. Abokan tafiyarsa suka dawo da rediyo da kwat da agogo. Shi kuwa, da yake hankalinsa ya ɗara nasu, ya dawo rungume da tukwanen wani fure da ake kira okid, wanda a cewarsa ba ya yarda ya tsiro sai a gidan da ake karanta jarida.

Mahaifinsa, manomin citta, ya zo daga ƙauye yi masa barka da dawowa. Tsohon ya zagaya tukwanen, ya shinshina, ya tambaya ko ana miya da ganyen.

"Baba," in ji Mista Alexander, "noman abin da za a ci ai kowa na yi. Ko ɓera ya san darajar hatsi. Wayewa ita ce mutum ya noma abin da ba a ci."

Daga ranar maƙwabta suka naɗa shi Sarkin Noman Falo. Sunan ya kai kunnensa, ya karɓa hannu bibbiyu, don bai ga abin dariya a ciki ba.

Kafin shekara ta zagayo falon ya koma daji. Aka tura kujeru baranda. Aka ƙaro masu faɗin ganye da masu yaɗo, aka jera su bisa teburin cin abinci, iyali suka koma ci a tabarma. Ya sayo na'urar sanyaya ɗaki, ba don matarsa Rhoda ko 'yarsu Grace ba, su ai 'yan ƙasa ne, sun saba da zufa. Don furen ya saya. Tagogi kuwa a rufe ruf, kada iskar Kaduna ta taɓa baƙin Turai. Na'urar ta yi ta aiki, ta tsotse danshin ɗakin tas, har baƙo kan fita da busasshen leɓe.

Duk wannan hidima da manufa. Can ƙetaren gadar kogin Kaduna, a unguwar manya, akwai ƙungiyar masu lambu da ke taruwa wata-wata su sha shayi su yabi furannin juna. Shugabarsu Madam Martha ce, matar babban manajan masaƙar. Ba a taɓa ɗaukar mutumin kudancin kogi ba. Mista Alexander ya ƙudurta shi zai buɗe wannan ƙofa, in ya shiga kuma ya rufe ta a bayansa.

Cikin zafin bazarar 1985, Rhoda na goge tebur ta lura ganyen ya fara koɗewa, da ɗigo-ɗigo fari kamar an sossoke shi da bakin allura.

"Baban Grace, anya furen nan naka lafiya? Ganyen ya yi fari-fari."

Ya sauke jarida ya dube ta da tausayi. "Maman Grace, abin da kike gani sunansa ruwan azurfa. A Ingila sai mai sa'a furensa ke yin haka. Ki riƙa tambaya kafin ki yi magana."

"Ai tambayar na yi," in ji ta, ta ci gaba da shara.

Washegari ya zaɓi tukunyar da ta fi kowace azurfa, ya ɗaura mata jan kirtani, ya kai wa Madam Martha da kansa. Ya roƙe ta ta ajiye ta tsakiyar furanninta, don na ƙasa su koyi hali.

Ba a jima ba azurfar ta koma rawaya. Wata irin saƙa siririya ta bayyana a ƙarƙashin ganye, tana ɗinke reshe da reshe. Ma'aikacin masaƙa dai ya san saƙa in ya gani. Ya ɗauko gilashin ƙara girman abu ya leƙa, sai ga su nan birjik: 'yan ƙwari jajaye, ƙanana kamar garin barkono, masu kama da gizo-gizo, suna ta kai da kawowa suna tsotse ruwan ganye. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana, shi ke tsone maka ido.

Ya buɗe littafin furanni da ya zo da shi. Littafin bai ɓoye kome ba. Ya ce ƙwarin nan ba abin da suke so kamar busasshiyar iska. Ya ce a ware tukunyar da ta kamu, a wanke ganyen ciki da bai da ruwan sabulu mara ƙarfi, a yi ta maimaitawa har ƙwan da suka saka ya ƙare, a kuma bar ɗaki da danshi. Mista Alexander ya karanta, ransa ya ɓaci. Ruwa da sabulu? Mutumin da ya hau jirgin sama ya zauna yana wanke ganye ɗai-ɗai kamar mai shirin miyar alayyafo? Ya yanke hukunci cewa wannan shafi don talakawan Ingila aka rubuta shi.

Amma a ƙasan shafin ya ci karo da abin da ya faranta masa. An ce sau da yawa ƙwarin kan biyo furen ne tun daga inda aka sayo shi. Ya ajiye littafin, ya gyara zama. Ashe ba ƙwarin Narayi ba ne. 'Yan Ingila ne. Cewa shekara uku ke nan da dawowarsa, kuma rabin tukwanen a bakin titi ya saye su, wannan bai tsaya lissafa shi ba.

Ran Lahadi bayan an taso coci ya tara maƙwabta, ya jera su layi, kowa ya leƙa gilashi.

"Ku duba da kyau," ya ce, hannu a aljihun kwat. "Ku kun saba da kyankyaso da kuɗin cizo, ƙwari marasa tarbiyya. Waɗannan kuwa, dubi yadda suke tafiya a tsare, ba turereniya. Ba sa ƙara, ba sa wari, ba sa cizon mutum. Abin da suke ci ma sai mai tsada. Da wuya a sami irinsu a wani gida kudu da gada."

Maƙwabta suka yaba, suka koma gida da sauri, don dariya na cin kowa.

Su kuwa baƙin, da suka ga an karrama su, sai suka hayayyafa. Suka bar okid suka bi masu yaɗo, suka gama da su suka hau masu faɗin ganye. Kullum da safe Rhoda sai ta share ganye cike da abin kwasar shara. Ana cikin haka saƙo ya iso: Madam Martha za ta zo ran Asabar da mata biyu na ƙungiya, tana son magana da shi kan furensa.

Mista Alexander ya ji kamar an ba shi kujerar manaja. Sai ya waiga ya dubi falon, ya ga rabinsa tsirara. Nan take zumunci da Ingila ya yanke.

Ran Alhamis ya sauka Makera, shagon Malam Isiyaku mai maganin feshi, ya ce a ba shi mafi ƙarfi, irin na gonar auduga. Malam Isiyaku ya miƙo kwalba ya ce, "Yallaɓai, murfi ɗaya a bokiti."

"Wannan awon auduga ne," in ji Mista Alexander. "Ka san nawa okid ya fi auduga daraja?"

Ya zo gida ya juye rabin kwalbar, ya ƙara kananzir don ya ratsa. Ya sa rigar ruwa, ya ɗaure hanci da hankici, ya kori iyali gidan maƙwabta, ya tsaya bakin ƙofa kamar kwamandan da zai shiga daji.

"Maman Grace, abin da kimiyya ta kawo, kimiyya ce ke kore shi. Ki tsaya nesa."

Ya yi feshi har bango na ɗiga. Kazar maƙwabci da ta biyo ta jikin taga ta koma tana tangaɗi. Da gari ya waye ran Juma'a, falon ya zama kamar gonar da gobara ta bi. Kowane ganye ya yi baƙi ya lanƙwashe. Garin neman gira an rasa ido.

Da wani ne, da ya zauna ya yi kuka. Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Ya ɗauki hutun rabin yini ya shiga kasuwa, ya dawo da but ɗin mota cike da furen roba. Ya tuge gawarwakin, ya dasa na roba a tukwanen, ya zuba ƙasa, ya yayyafa ruwa. Kafin la'asar falon ya yi kore shar, irin koren da bai taɓa yi ba.

Ran Asabar Madam Martha ta iso da matan biyu, direba na biye da su riƙe da wani abu lulluɓe da jarida. Fuskarta ba walwala. Ta tsaya tsakiyar falo ta dubi hagu da dama, ta ja hanci, don kananzir bai gama fita ba.

"Mista Ɗanjuma, furen da ka kawo mini ya shafa wa duk na barandata ƙwari. Ni da hannuna nake wanke ganye da sabulu kullum. Na zo in ga yadda naka suke."

"Madam, ga su kina gani," ya ce, yana buɗe hannu. "Ba ƙwaro ko ɗaya. Na yi nazari mai zurfi, na haɗa wani magani nawa na kaina. Sirrin ba na kowa ba ne, amma in na zama ɗan ƙungiya, zan yi wa mambobi lacca a kai."

Madam ta matsa kusa da wata tukunya. Ta juya ganye ta duba bayansa. Ta murza shi tsakanin yatsu, ya yi ƙara. Ta ɗan ja, sai reshen ya zare gaba ɗaya da wayar ƙarfe a gindinsa. Ɗaya daga matan ta juya tana kallon bango, kafaɗunta na rawa. Rhoda, da ta shigo da tiren shayi, ta ajiye a hankali ta koma.

Madam ta mayar da reshen raminsa, ta danna ƙasa a gefensa kamar mai dashe. Ta yafito direba. Ya yaye jaridar, sai ga okid mai jan kirtani, ganye biyu suka rage masa, saƙa ta lulluɓe su. Ta karɓa ta ɗora shi a tsakiyar tebur.

"Ga abinka. Ka kula da shi sosai, Mista Ɗanjuma. Duk falon nan shi kaɗai ke da rai, shi da ƙwarinsa."

Ƙungiya dai ba ta kira shi lacca ba. Amma a faɗi gaskiya, ko mahassada sun shaida: tun daga ranar, ƙwaro bai sake cin ganye ko ɗaya ba cikin sabbin furannin Sarkin Noman Falo. Shi ma bai yi sakaci ba. Kullum da safe, kafin ya tafi ofis, sai ya ba su ruwa.