Saniyar da Ta Ƙi Mutuwa da Mutunci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da saniyata ta kunyata ni a gaban Kwamanda ba. Na ce saniyata, amma ni ko akuya ban taɓa mallaka ba; facin taya nake yi a bakin tashar Matameye.

Shekarar fari ce, soja ke mulki. Wasu 'yan silima suka zo daga Yamai ɗaukar fim a kan halin da ake ciki, suna neman saniyar da za ta yi numfashin ƙarshe a gaban mai ita. Shanun da suka rage kuwa duk an kora su kudu. Ni da ba a raba ni da cika baki na ce wannan ai ba wani abu ba ne, zan ƙera musu.

Fata ba ta yi wuya ba a shekarar, abin tausayi. Na samo ta wata saniya har da kai da ƙaho, na cusa mata buhuna da robar cikin tayar kamiyo, wato babbar mota, na ja tiyon iska daga ƙarƙashin wutsiya (to ta ina kuma zan bi da shi?) zuwa wani rami da aka rufe da zana. Ina ciki da famfo: in na danna cikinta ya ɗaga, in na saki bawul ya sauka. Inda tiyo ya haɗu da robar akwai rakor na tagulla, da ƙarfen da ke matse shi, wanda muke kira kolye. Nawa kolyen na ba wani direban Kance da safe, sai na naɗe wurin da igiyar roba. Na ce ai ba tafiya za ta yi ba.

Ana shirin farawa sai ga Kwamanda, sojan da ke riƙe da garinmu, ya zo kallo. A makon nan ya sa jandarma suka rufe wani mai shayi kwana uku don ya yi dariya lokacin da yake wucewa. Aka kafa masa kujera a gaba, kowa ya shiga taitayinsa.

Malam Idi ne makiyayin, dattijon da garkensa ya ƙare ƙaf a farin. Ya durƙusa ya dafa kan saniyar, hawayensa ba na wasa ba ne. Ta ɓular zana na hango Kwamanda ya sunkuyo yana kallo, sai kaina ya kumbura. Na yi ta dannawa don ya ga gwaninta, na manta da bawul. Saniyar da aka ce ta mutu sai ƙiba take yi. Mai ba da umarni yana ta ɗaga mini hannu, ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Sai igiyar robar nan ta saki.

Ba sai na kwatanta muku ƙarar ba, kowa ya san ta. Ta dai yi tsawo, ta tsaya kamar ta gama, ta sake dawowa, wutsiya na rawa. A ruɗe na miƙe daga ramin, zana a kaina, famfo a hannuna. Ba wanda ya yi dariya, shi ne ya fi ba ni tsoro. Ina ta tunanin wa zai je ya gaya wa tsohuwata an rufe ni saboda tusar saniya.

Kwamanda ya taso, ya zagaya ta, ya tokare ta da sandarsa. Ragowar iskar ta amsa masa. Sai ya juyo ya dube ni.

"Kai ne mai ita?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me kake ba ta? Bana ban ga dabbar da ke da abin fitarwa a cikinta ba sai taka."

Malam Idi ne ya fara fashewa da dariya, hawaye ba su bushe a gemunsa ba, sannan kowa ya bi, har jandarma. Ni kuwa na koma cikin ramin na zauna ina hamdala. Daga baya ɗan Malam Idi ya ce mini tun da shanunsu suka mutu bai ji dariyar mahaifinsa ba sai ranar.

An sake ɗauka da kolyen da direban Kwamanda ya ara mini, saniyar ta mutu lafiya. Ni dai na koyi cewa in babba yana kallonka, ka rage iska, ta famfo da ta kanka. Har yau kuma ko tayar keke aka kawo mini sai na taɓa kolye sau biyu.